Wanda Ya Daki Hafizu

Kwalin lemo shugaban kwalejin ya kawo asibiti, da mai ɗaukar hoto. Ya tsaya a gefen gadon Hafizu, ya karkatar da kai irin na masu tausayi. Aka ɗauka, bai yi kyau ba, aka sake. Tun ranar zanga-zangar rabin jikin Hafizu ya yi shiru, bakinsa ya bi sahu.

A kan ruwa aka yi rigimar. Daga bayan ɗakunan kwanan ɗalibai ana hango madatsar ruwan Tiga tana ƙyalli, amma famfon makaranta ko ɗigo, har ɗalibi ya koma yin taimama yana kallon dam. Da yaran suka fito da kwalaye, hukuma ta ga masu gadinta ba za su iya ba, don sun san yaran, wasu ma kwano ɗaya suke ci. Sai ta tura mota ƙauyukan Doguwa aka kwaso 'yan sintiri, mutanen da suka saba da ɓarayin shanu, aka raba musu hula mai rufe fuska. Su ma ɗaliban sun ɗaure fuskokinsu da hankici saboda barkonon tsohuwa. Haka aka haɗu a bakin ƙofa, kowa ba fuska.

Makaranta ta ce Hafizu faɗuwa ya yi garin gudu. Likita ya duba ƙeyar, ya ce bai san ƙasar Bebeji tana da baki haka ba.

"Gora ce," in ji Balarabe, yayan Hafizu, "mai ƙarfe a kai."

Tun da mahaifinsu ya rasu, Balarabe ne ke ɗauke da karatun ƙanen. Shi iyakarsa aji uku. Yana can wajen Doguwa, duk aikin da ya samu yi yake, lodin masara, yankan rake, dako. Shi ne ma ya kawo Hafizu asibiti ran nan, rigarsa sharkaf da jini. Mahaifiyarsu, Inna Asibi, ta ce Allah ne ya sa yana kusa, ba ta ƙara tambaya ba.

Tun daga nan bai bar bakin gadon ba. Shi ke juya shi, shi ke ba shi kunu da cokali. Da ya matso sai Hafizu ya kama wuyan hannunsa da hannun da ya rage masa, ya riƙe gam, yana kallonsa, hawaye na gangarawa cikin kunnensa.

"Kun ga ƙauna ko?" Inna Asibi take ce wa masu dubiya.

Sai ga Barista Mujitaba daga Kano, da kwat a wannan zafin. Ya yi wa Inna bayani yana ƙirga da yatsu. Makarantar da ta ɗauko mutanen, magani da diyya a wuyanta suke, ko ta ce ba ma'aikatanta ba ne. Shi kuma wanda ya ɗaga gorar, nasa hisabin daban, gidan yari ne. Haƙƙi ne, ba alfarma ba. Ya maimaita da Turanci ya ƙara masa nauyi.

Makaranta ma ta san hanya. Ranar Juma'a ta turo dattawa gida da manyan riguna. Aka shimfiɗa tabarmi, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka yi wa'azin ƙaddara. A nan kowa ya sani, babban namiji a gida in ya ce mun yafe, magana ta mutu, lauya sai ya nemi mota. Duk ido ya koma kan Balarabe.

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Allah ya ƙara girma. Ni ba zan iya yafe masa ba."

"Yaro, Allah ma muna masa laifi ya yafe."

"Shi Allah ne, Baba."

Dattawa suka kaɗe riguna, suna cewa yaran yanzu zuciyarsu dutse. Barista kuwa har rungume shi ya yi, ya ce da kowane ƙauye yana da irinsa da an daɗe da gyara ƙasar nan.

Ya samo shaida kuwa. Wata 'yar ajin Hafizu, Bushra, wadda aka kora gida Kiru tun ranar. Ta ce tana kusa lokacin da gorar ta sauka, hankicin Hafizu ya zame, shi kuma mai dukan ya fizge hularsa. Ta ga fuskar kafin ta ruga. 'Yan sanda suka ce a kawo 'yan sintirin duka a jera mata.

"Ka zo ka tsaya kusa da ni," Barista ya ce wa Balarabe, "ka ga idon azzalumin."

"Zan zo."

Da yamma Balarabe ya yanke wa Hafizu farce, ya yi masa aski. Ya koya wa Inna yadda ake juya shi ba a fama ciwon ba, da irin kaurin kunun da yake iya haɗiyewa. Ta ce ina za shi da yake mata wannan karatun. Ya gyara wa ƙanensa matashi kawai.

Da safe aka jera su a harabar ofishin 'yan sanda, cikin rana, ba hula. Bushra ta bi layin a hankali, mayafinta a baki. Barista yana can inuwa, ya ba su baya, yana duba hanya yana tsaki. Mutanen ƙauye ke nan, ranar da haƙƙinsu zai fito ita ce ranar da za su makara. Ya ciro waya ya kira Balarabe.

Wayar ta yi ƙara a cikin layin, a aljihun mutumin da Bushra ta riga ta nuna.