Kyauron da Ke Tari

Kakana maharbi ne a Kusasu, kuma dokarsa ɗaya ce: mace ba ta taɓa kayan harbi. Ni ma ban taɓa ba, Allah shaida, kunne kawai na sa.

Ran nan da la'asar yana zaune a ƙofar ɗaki yana zaɓen kyauron da zai yi kibau da shi. Gadu ya addabi rogonsa, kibiya biyu sun karye masa a banza, har baffannina suka ce in ta uku ta karye, sai dai ya rataye bakan. Yakan ƙwanƙwasa kyauro da farce ya kai kunne, alhali kunnen ya yi nauyi tuni.

Ya ƙwanƙwasa wani santalele, ya sa shi cikin masu kyau. Ina ɓarar gyaɗa na ce, "Kaka, wannan tari yake yi."

Ya ce, "Ke matar nan tawa, ko ƙadangare kin taɓa harbi?"

Na ce, "Sauran ƙyal suke cewa, shi kuwa ƙwaf. Karya ka gani."

Ya karya. Sai gari ya zubo, ashe ƙwaro ya cinye cikin tas. Tsohon ya dube ni ya ce, "Matso nan. Amma hannu a baya."

Yana ƙwanƙwasawa ina yanke hukunci, har muka ware bakwai. Gadun nan bai sake cin rogo ba, bakan kuma bai hau ƙusa ba.

Har yau ban taɓa leƙa daji ba, ni da ko zaure ba na son wucewa. Amma in ana lissafa maharban gidanmu, sai na gyara ɗaurin ɗankwali.