Baƙar Ledar Halliru

Ranar da Halliru ya manna baƙar leda a gilashin gaban motarsa, duk tashar Gumel sai da ta zo kallo. A daminar 1976 ne, Fijo a-kori-kurar nan ba ta fi wata huɗu a hannunsa ba. Wurin wani ɗan kasuwar Damagaram ya sayo ledar, ya shafe gilashin da ita daga sama har ƙasa, wai rana na kashe masa ido in ya fuskanci yamma. Rana kam tana damunsa, amma wanda ya san Halliru ya san so yake a ce tasa ta fi ta kowa.

Malam Mu'azu, tsohon direban da ya koya masa tuƙi, ya shiga ya zauna, ya leƙa, ya fito yana girgiza kai.

"Halliru, da rana tsaka ke nan ina ganin mutane kamar inuwa. In almuru ta yi fa?"

"Baba, ai idona na yaro ne."

"Idon naka ne, hanyar kuwa ta kowa ce. Ka ɓare ta."

Haka wani saje ya gaya masa a shingen hanyar Maigatari, ya ce gilashin gaba ba abin rufewa ba ne. Halliru ya rantse ranar Juma'a zai sa reza ya kankare. Juma'a uku ta wuce, leda na nan daram.

To, Halliru yana da uwa, Inna Azumi, a wani ƙauye bakin hanya tsakanin Gumel da Sule Tankarkar. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce "direban nan". Kowace Alhamis, in zai dawo daga kasuwar Maigatari, takan dama fura ta fito gindin tsamiya cikin baƙin zanenta na rini. Da ta hango motar sai ta tako kan titi ta ɗaga ƙwarya. Shi kuma ya rage gudu, ya tsaya, ya sha, ta sa masa albarka. Shekara shida yana tuƙi, ba ta taɓa jin tsoron motar da yake ja ba.

Wata Alhamis kasuwa ta riƙe shi. Kafin ya bar Gumel rana ta yi ƙasa, ga hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin. Bayan mota cike da buhunan gero ba tamfol, masu kaya na zaune a kai suna buga rufin mota.

"Direba, taka mana! Ruwa zai lalata mana hatsi!"

Ya taka. Ba a yi nisa ba gari ya rufe. Ya kunna fitila, amma ta cikin ledar haskenta bai fi na aci-balbal ba. Ya zuro kai ta taga yana tuƙi, sai yayyafi ya fara dukan idonsa, dole ya mayar da kan ciki.

Sajo, wani Bafulatani mai fataucin shanu da ke zaune kusa da shi, ya dafe ƙirji.

"Direba, ni fa ban ga hanya ba. Kai kana gani?"

"Na san hanyar nan kamar tafin hannuna."

Ƙarya yake, ba ya gani. Zufa ce ke bin bayansa. Uwarsa ta faɗo masa a rai, ya ce a zuciyarsa da ya ga tsamiya zai rage gudu, kuma ma wa zai fito cikin wannan hadari?

Ashe ta fito. Da ta ga ruwa na shirin sauka, sai ta bar gindin tsamiya ta yi gaba don ta tare shi da wuri, kada ta ɓata masa lokaci. Ta hango fitilu, ta gane ƙarar motar ɗanta. Ta tako kan titi kamar kullum, ta ɗaga ƙwarya.

"Mutum! Mutum!" Sajo ya ƙwalla ihu.

Halliru ya danna birki, amma ina! Wani abu ya daki hancin mota, fura ta fantsama a kan gilashi.

Ya fito da gudu. Ɓarin ƙwaryar ya fara gani, da faifan da ya san saƙarsa. Sannan ya ga zanen.

"Innalillahi! Inna! Wayyo Allah, Inna!"

Suka sauke buhuna suka kwantar da ita, suka juya Gumel. Sajo ne ya karɓi fitilar hannu yana haska hanya ta taga, motar na tafiyar hawainiya, don har yanzu direban ba ya ganin gabansa. Kafin su tashi ta buɗe ido sau ɗaya, ta dubi Sajo, ba ɗanta ba.

"Ai na ɗaga masa ƙwarya," ta ce a hankali. "Direban nan bai gan ni ba ne?"

Ba su kai asibiti da ita da rai ba.

Bayan sadakar uku, Malam Mu'azu ya tarar da Halliru a harabar ofishin 'yan sanda, inda aka ajiye motar, yana ɓare ledar da farcensa yana kuka. Aikin da ya yi ta ɗagawa Juma'a uku bai ɗauke shi rabin sa'a ba. An karɓe lasisinsa, ko da ba a karɓe ba ma bai ƙara taɓa sitiyari ba har ya tsufa.

Jama'a, gilashin gaba idon direba ne, kada mu rufe shi don ado ko don gudun rana. Wanda ke tsaye bakin hanya ya amince kana ganinsa, kuma ba ka san ko wane ne naka a cikinsu ba.