Zuciyar Masta Mutala Ta Ƙi Sauka

Shekara bakwai ke nan Masta Mutala ne ke riƙe tutar ƙungiyar motsa jiki ta unguwar Ayigya Zango, wadda 'yan unguwa ke kira kif-fit. Duk Lahadi da safe shi ne a gaba, jama'a na biye da ganga da waƙa har su zagayo gida. Makanike ne a Suame, unguwar masu gyaran motoci, shekararsa hamsin da huɗu, kuma in kana neman faɗa, ce masa ya fara tsufa. Bai taɓa kwana a asibiti ba, ba ya kuma bari kowa ya manta da hakan.

Sai Latifatu, 'yar ƙanwarsa mai aikin jinya, ta fara zuwa da na'urar awon jini. Da an gama gudu ta auna kowa, a huta minti biyar, ta sake aunawa. Ta yi musu bayani cewa zuciyar mai lafiya takan hau in yana gudu, da ya tsaya kuma ta fara sauka, jininsa ma ya koma yadda yake.

Kowa nasa ya sauka. Har Seini mai shagon taya, da tumbinsa da komai, nasa ya sauka. Na Mutala ne kaɗai ya ƙi.

"Kawu, Lahadi uku ke nan a jere," in ji Latifatu. "Minti goma da tsayawarka, zuciyarka tana nan tana gudu, jininka ma yana sama. Ka zo asibiti a duba ka."

Mutala ya fizge hannunsa. "Ke, Lati! A gabana aka yanke miki cibiya. Inji mai ƙarfi ai shi ne mai ƙara. Wannan abin naki mai batir ne zai gaya mini lafiyata?"

"To Kawu, kai ne masanin inji. In ka ɗage ƙafa daga totur, mota ta ci gaba da ruri, za ka miƙa wa mai ita makulli ka ce ta gyaru?"

Sai Seini ya ce, "Wallahi Masta, yarinyar nan ta ɗaure ka." Aka kwashe da dariya.

Dariyar nan ce ta ɓata komai. Mutala ya san gaskiya ta faɗa, don maganar ta zauna masa daram a rai. Amma a ce 'yar ƙanwarsa ta kayar da shi a gaban mutane? Ina! Ya naɗe tutarsa ya yi gaba.

Lahadin da ta biyo baya ita ce babbar rana, ƙungiyoyin unguwanni za su haɗu a yi gudu har filin Race Course. Ranar Asabar Latifatu ta same shi a gida, ta durƙusa.

"Kawu, ba hana ka motsa jiki nake yi ba, motsa jiki ai magani ne. Gobe kawai ka ba Seini tuta, ka bi baya a hankali. Litinin mu ga likita."

"In kin ga tutar nan a hannun wani, to an kai ni makwanci," in ji shi. "Tashi ki gaida uwarki."

Washegari kuwa ya yi gudun da bai taɓa yi ba. Samari na haki a bayansa, shi yana ɗaga tuta yana yi musu kirari. Shi ya fara isa. Aka yi ta tafi, wani har ya ɗaga shi sama. Daɗi ya kashe Mutala.

Latifatu ta kafa teburinta tana awo. Shi kuwa ya zagaye ta, ya je ya zauna a bencin mai shinkafa da wake. Minti biyar, ƙirjinsa na dukan tara-tara. Minti goma, bai lafa ba, ƙeyarsa ta yi nauyi. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ga Latifatu can, taku talatin bai kai ba, kira ɗaya ya isa. Amma ga Seini a gefe yana ci, ga samari suna kallon gwarzonsu. Sai ya juya mata baya, ya ce a ƙaro masa nama.

Cokali ne ya fara faɗuwa daga hannun Mutala. Seini ya ɗago ya ga bakin abokinsa ya karkace, ya yi salati da ƙarfi. Da ƙyar mutum huɗu suka sa shi a tasi.

Bayan kwana biyu likita ya tsaya a bakin gadonsa a asibiti yana yi wa Latifatu bayani. Shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jinin ya daɗe yana ɓoye. Hannun dama, wanda ya shekara talatin yana ɗaure noti, da wuya ya sake riƙe sifana.

"Da ya zo makon da kika fara gani," in ji likita, "da ƙila ƙwaya ɗaya kullum safe ta wadatar, ya ci gaba da gudunsa."

Mutala yana jin komai. Ya buɗe baki zai yi musu, yadda ya saba, amma maganar ta ƙi fita, sai miyau. Latifatu ta sa hankici ta goge masa, tana kuka tana jin haushinsa.

Jama'a, ƙarfin gudu ba shi ne shaidar lafiya ba. In kun motsa jiki, ku lura da yadda zuciya ke sauka bayan kun tsaya. In ta ƙi sauka, ko awon jini ya ƙi komawa daidai, ku je asibiti tun da ƙafarku, ko da duk unguwa za ta yi muku dariya.