Manomin da Bai Iya Dashe ba

Baba Istifanus ya faɗo coci daga gonar shinkafa, taɓo har gwiwa, ya dire damin irin dashe a gaban Fasto.

Wata uku ke nan da ya iya karatu a ajin manya, ranar kuma ya karanta misalin mai shuka a Littafi Mai Tsarki da kansa.

"Fasto, wane irin manomi ne wannan? Ya watsa iri a hanya, a kan dutse, har cikin ƙaya! A nan garin Kura ko mahaukaci ya san sai an yi renon iri kafin dashe. Ko a gyara shafin nan, ko in bar ajin!"

Matarsa Rifkatu, da ta biyo bayansa, ta riga Fasto magana.

"Maigida, ka karanta har ƙasa?"

"Ina! Haushi ya hana ni."

"To, irin nan Maganar Allah ce. Shekara arba'in ana watsa maka ita kana gyangyaɗi a bencin baya. Da mai shukar nan mai zaɓen ƙasa ne irinka, da tuni ya tsallake ka."

Baba ya sunkuya a hankali ya ɗauki daminsa.

"Fasto, a ƙyale mutumin nan ya ci gaba da ɓarnarsa."