Yayyafin Iya Tabawa

Tun da yanayi ya sauya har ƙanƙara ta fara kwana a titunan Funtuwa aka hana zuba ruwa a ƙofar gida, toka ake barbaɗawa. Amma tsufa ya rikita Iya Tabawa. Kullum ta gama sharar safe sai ta yi yayyafi, yadda ta saba.

Yau ma Kubura, matar autanta Sallau, ta tarar da ita riƙe da ƙwarya.

"Iya, ruwan nan daskarewa yake yi."

"Hanya nake gyara wa Sallau, kar ya dawo cikin ƙura."

Kubura ta dubi katangar da motarsa ta daka bara, da santsi ya kwashe ta, taku goma daga nan. A gidan nan ta yi masa takaba.

Ta karɓi ƙwaryar a hankali.

"Ya gode, Iya. Ku shiga ciki."

Sannan ta ɗebo toka.