Wuƙar da Jimrau Ya Saya wa Dakare

Jimrau ya mayar da wuƙar kan tabarma, ya ce ta yi tsawo.

Badaru maƙeri ya dube shi. Tun hantsi mutumin nan yake tsugune a bakin rumfarsa a kasuwar Ɗan Gulbi, yana ɗauka yana ajiyewa. Wata ta yi nauyi, wata ta cika ƙyalli. Wuƙar damtse irin ta Buzaye kuwa, wadda samari ke sayar da tunkiya don su mallaka, ko kallo na biyu bai yi mata ba.

"To wai wa za a saya wa?" in ji Badaru.

"Wani dakare."

"Ɗanka ne?"

"Allah shi kiyaye."

Jimrau manomi ne mai 'yan awaki, daga wata tunga wajen rijiyoyin Dakoro. Dakaren kuwa sunansa Harisu, mutumin kudu, kuma tun kaka yake gidan Jimrau. Ya shigo da saran takobi a cinya, abokan yaƙinsa sun juya sun bar shi. Zainabu, matar Jimrau, ita ta yi ta gasa masa ciwon da ruwan zafi har ya rufe. Da ƙafa ta warke sai ciki ya buɗe. Harisu yakan share akushi, ya sha fura, ya tambaya ko akwai ɗumame.

A ranar da aka shigo da shi, Jimrau ya rantse gaban dattawan tunga cewa ba zai sallame shi ba sai danginsa sun zo da kansu. Aka aika kudu, aka sake aikawa. Ba wanda ya zo. Yanzu bazara ta kama, Zainabu sai ta shiga cikin rumbu ta sunkuya kafin ta taɓa damin gero. Ita ce ta kawo shawarar kyautar.

"Maigida, mutum in zai yi tahiya mai nisa, wuƙa yake buƙata," ta ce.

Jimrau ya ce ai Harisu bai ce zai yi tafiya ba. Ta ce shi ya sa.

Badaru ya shiga cikin rumfa ya fito da wata 'yar gajera mai ƙotar ƙirya, ba ado ko kaɗan. Jimrau ya auna ta a tafin hannu. Ya zaro wani guntun igiyar fatar raƙumi daga aljihu, ya sa wa wuƙar, ya ja sau ɗaya. Igiya ta rabu. Ya kai kunne kusa, ya sake ja. Ba ta yi ƙara ba.

"Dakare ai mutum yake sara, ba igiya ba," in ji Badaru.

"Wannan ya huta da saran mutane."

Sai batun kube. Na farko ya yi tsauri, sai an riƙe da hannu biyu. Jimrau ya ce yana son wanda ko da haƙori za a iya zarewa. Ya gwada da nasa haƙoran a tsakiyar kasuwa, masu sayar da kanwa suna kallo.

"Hannu guda gare shi?" in ji Badaru.

"Biyu. Ba kullum suke samuwa ba."

Ya sa aka rataya wa kuben matsefata, don hanyar kudu ƙaya ce zalla. Ya ƙara da basilla ko takalmi zai tsinke, da ƙyastun kunna wuta saboda kwanan daji. Duk abin da zai iya sa matafiyi ya juyo daga hanya, Jimrau ya yi tunaninsa, ya sayi maganinsa. Ya bar wa maƙerin ɗan akuyan da ya jawo, bai ko yi ciniki ba. Badaru ya bi shi da ido, ya ce wa maƙwabcinsa bai taɓa ganin mai son baƙo irin wannan ba.

Kashegari da safe Zainabu ta cika salka da ruwa, ta ɗaure busasshen nama da 'yar fura a tsumma, ta ajiye a gindin aduwar da Harisu ke zama. Jimrau ya ɗora takalma sabbi a kai. Sa'an nan ya ajiye wuƙar a kan tabarma, daidai inda hannu zai kai.

"Kyauta ce," ya ce. "Kudu nan take, ka bar rijiya a hagunka."

Ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji, ya ce yau duk gidan sassabe za su, ba mai dawowa sai rana ta yi sanyi. Ya kira kare ya tafi da shi. Ƙofar dangar ma bai ja ba.

A gona bai waiwayi gida ba ko sau ɗaya. Zainabu ta yi ta lissafa wa kanta tuwon da zai isa mutum biyu. Da la'asar sakaliya suka juyo, suna tafe a hankali don su ƙara wa mai tafiya rata.

Harisu na nan zaune a inuwar aduwa. Ya yanka naman guzurin ƙanana ƙanana ya cinye, ya sha furar, yana sakace da basilla.

"Wuƙa ta yi kaifi, maigida. Allah shi saka."

Ya mayar da ita kube a hankali, yana kiyaye kada bakinta ya taɓa igiyar da Jimrau ya ɗaure shi da ita tun ranar da ya kama shi cikin maharan da suka zo kwashe masa awaki.