Allurar Gwajin Kwamared Gong

Kwamared Gong ya kurma ihu har majinyatan ɗakin suka waiwayo.

"Ban ma soka ba tukuna," in ji Likita Tan, tana nuna masa siririyar allurar.

Gobe za a yi masa aikin gyambon ciki a asibitin gunduma. Gwajin yau ne zai nuna ko alluran gargajiyar Sin kaɗai, waɗanda ake sokawa a jiki ba tare da magani ba, za su kashe masa zafin wuƙa yana farke, ko sai an sa shi barci.

Ta soka tsakanin babban yatsansa da manuni, ta murza.

"Ka ji nauyi da tsami?"

"Azaba na ji. Ke likita ce ko mahauciya?"

"Gumi ya jiƙa ka, zuciyarka sai dukan uku-uku take. Irinka allura ba ta kama shi."

Ya yi ajiyar zuciya. "To rubuta mana a sa ni barci. Me kike jira?"

"Ba zan rubuta ba."

Ya rage murya. "Likita Tan, farke ni fa za a yi kamar kifi."

"Bara na rubuta wa wani manomin shinkafa haka. Shugaban asibiti ya kafa doka cewa allura na yi wa kowa aiki, sai mai raunin aƙida. Aka yanka manomin yana ihu, ni kuma na yi wata takwas ina wankin masai."

Ta ɗora masa takarda da alƙalami a ƙirji.

"Dokarka ce, Shugaba. Ka soke ta ga kowa da hannunka, ko gobe ka nuna mana ƙarfin aƙidarka."